Rijiyar Kakan Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da nake ji da kaina wai ni marubuci ne, na rubuta tarihin ƙauyenmu da ke ƙasar Roni na ɗora a intanet. Da na zo kan tsohuwar rijiyar garin sai hannuna ya tsaya. Kakan mahaifiyata ne ya haƙa ta. Makiyayi ne, rani biyu ya yi yana fasa dutse kafin ya ga ruwa. Amma kun san mu da kara, mutum ba ya yabon nasa a bainar jama'a. Abokina ma ya ce, "Kai, sa sunan kakan mai gari kawai, kada a ce tallan danginku kake." Ni kuwa sarkin kunya, na sa. Na ce ai kowa ya san gaskiya.

Ashe akwai masu karatun da ba su san kara ba. Manhajojin nan da ake yi wa tambaya a waya, kullum suna bin shafuka suna haddace duk abin da suka tarar. Suka haddace nawa.

Da aka tashi gyara rijiyar, masu aikin suka tambayi waya tarihinta, suka zana amsar a jikin siminti. Ranar na je gida gaisuwa. Mahaifiyata tana tsinkar zogale ƙanwata ta shigo ta ba ta labari, sai Inna ta ajiye faifan.

"Wa ya ce musu haka?"

"Inna, wai na'ura ce ta faɗa."

"Na'ura ta taɓa zuwa garin nan ne? Wani dai ya faɗa mata. Allah ya isa tsakanina da shi."

Ta juyo ta dube ni, tana jiran ɗanta ya taya ta. Wallahi da bakina na ce amin.

Ina komawa Kazaure, inda nake zaune, na gyara rubutun, amma ina! Bakin alƙalami ya riga ya bushe. Wasu shafukan sun kwafa, wasu sun kwafa daga waɗanda suka kwafa. Na rubuta wa manhajar gaskiya dalla-dalla, ta ba ni haƙuri cikin ladabi, ta ce majiyoyi da dama sun saɓa wa maganata. Majiyoyin nan kuwa duk jikokin ƙaryata ne. Na je wurin dattawa biyun da suka rage cikin waɗanda suka san asalin rijiyar, ɗaya ya rikice, ɗayan ya ce, "Yaro, wa zai ja da abin da aka rubuta?"

Sau nawa ina zama gaban Inna da niyyar in faɗa mata, sai in ɓige da tambayar ya ƙafa. Haka har Allah ya karɓi abarsa.

Abin yana ci na har gobe. Kara tana da kyau a inda kowa ya san gaskiya, ni kuwa na yi ta a gaban na'urar da ba ta san komai ba sai abin da ta karanta. Jiya ma na sake tambayar wayata wa ya haƙa rijiyarmu, ta ba ni amsar nan dai. Wadda zan durƙusa in roƙa ta yafe min kuwa tana ƙarƙashin ƙasa.