Butar Baba a Gefen Lagireto

Shekara biyu bayan ruwan Tiga ya haɗiye ƙauyenmu, na sayar da shanun huɗa na sayi tsohuwar a-kori-kura. Gonar tana ƙarƙashin ruwa, me zan nome da su? Aikina in kwashi kifin masunta da sassafe, in kai kasuwar Doguwa kafin rana ta taɓa shi.

Motar ba ta da aibu sai ƙishirwa. Da ta ɗau zafi sai lagireto ya tofar da ruwansa ƙasa ta ɗan bututun da ke wuyansa. Kafin in fita dajin Falgore sai na tsaya sau uku, in jira inji ya huce in ɗura ruwa, kifi kuwa, karfasa da tarwaɗa, yana baya yana laushi. Ranar da na kai kifi yana wari karo na biyu, Sarkin Ruwa, dattijon da ke shugabantar masunta, ya kira ni gaban jama'a.

"Ɗana, mun ba ka aikin nan ne don tare aka taso mu daga ƙauye. Saura sau ɗaya. In ya sake lalacewa, wani za mu ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai, musamman da yake gaskiya ya faɗa.

Na taɓa leƙa motar ma'aikatan dam an buɗe kanta, na ga wata gora a gefen lagireto, tiyo ya shiga cikinta. Direban ya ce ruwan da ya tafasa nan yake taruwa, in inji ya huce ya zuƙe abinsa. Na kai wa babban bakaniken Kwanar Dangora maganar. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai fa manomi ne, ko ka manta? Sassauta murfin lagireto ka ɗau jarka biyu, kamar kowa. Ka ɗaure shi tam, lagireto ya fashe maka a daji."

Haka kuwa ake yi. Duk direban hanyar nan rabin murɗa yake barin murfinsa, wani ma tsumma yake cusawa. Na ce, "Na gode, Maigida," na fito ina cizon leɓe.

Gora irin tasu ba ni da ita. Abin da nake da shi butar ƙarfe ce ta marigayi Baba, wadda na ɗauko ranar da aka kwashe mu. Na ɗaure ta da waya a gefen lagireto, na zura tiyo daga ɗan bututun har gindinta, na zuba ruwa kaɗan. Yayata ta ce na wulaƙanta butar alwala. Na ce mata Baba da kansa ya sha shayar da jakinsa da ita.

Na gwada zuwa Tudun Wada ba kaya. Buta ta cika, amma ruwan ya ƙi komawa. 'Yan tasha suka samu abin yi: "Mai shayi, ya tafasa ne?" Ban kula su ba. Ina duba abin sai na ga laifin nawa ne: hannuna ya saba, rabin murɗa na bar murfin, iska yake zuƙa maimakon ruwa. Na yanko robar tayar keke na yi masa zobe, na murɗa shi har ya ƙi motsi.

Ranar kasuwa aka yi min lodi, Sarkin Ruwa yana tsaye yana kallo. A hawan farko na Falgore allurar zafi ta tashi, buta ta fara ɓurɓur. Ga rafin da na saba tsayawa. Ga Bafilatanar da nake sayen nono a wurinta kullum ina jiran inji, har ta sauke ƙwaryarta. Tsoro ya kama ni, ƙafata ta kai kan birki. Sai na ce in zai fashe ya fashe, ni dai na gama tsayawa a nan. Na ɗaga mata hannu na wuce.

Tarwaɗa tana motsi na shiga Doguwa. Na bar dillali da kifin, na tsaya gaban mota har ta huce. Na leƙa buta, ruwan ya sauka daidai inda na sa shi. Na buɗe lagireto, cike yake taf.

Na daɗe da murfin a hannu. Ruwa ya ci mana gida da gona da kabarin Baba, ko tsinke bai mayar ba. Wannan kam na sa shi ya dawo dole. Da azahar ta yi ban kwance butar ba, ta wani na ara na yi alwala.