Agogon da Ya Ce Adda Saude Zaune Take

Tun tana budurwa Adda Saude ke kai nono kasuwar Shinkafi daga Badarawa, ƙwarya a ka, hannun hagu dafe da ita. Da ciwon suga ya kama ta, likita ya ce ta yawaita tafiya. Ƙaninta Zaharaddeen ya ɗaura mata agogon da ke aika wa wayarsa labarin motsinta.

Agogon kuwa da lilon hannu yake gane tafiya, nata hannun kuma kullum yana sama, ƙame. Sai ya riƙa cewa zaune take wuni.

Ranar wani suna, a gaban surukanta, Zaharaddeen ya ɗaga waya ya ce, "Adda, lalaci zai kashe ki!"

Ta ƙullace shi a ranta. Ranar kasuwa ta ce wuyanta ya riƙe. Ta aza masa ƙwaryar, ta ɗaura masa agogon a hannun dafewa, ta tasa shi gaba ba hutu.

Ya isa yana haki, riga sharkaf da gumi. Ta sa shi karanta wayar a gaban masu nono.

"Wai... zaune nake."

"To miƙe mana, malalaci," in ji ta. "Akwai ƙwarya ta biyu a gida."