Hoton Bidi da Tafkin Inna Kulu

A gidanmu na Gwandu, idan an kawar da amfanin gona sanyi ya fara shigowa, wutar tsakar gida ta Inna Kulu ce. Ita ta haifi babana. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta da haƙoran gaba, amma muryarta har zaure ake jin ta. Da an idar da sallar isha'i za ta sa a tara mata karan dawa da 'yan itatuwa a ƙofar ɗakinta, ta jawo tabarma da ƙwaryar gyaɗa, mu jikoki mu kewaye ta. Tatsuniyarta ba a jin ta kyauta. Hannu yana ɓarar gyaɗa, kunne yana saurare. Wanda ya daina ɓara, ita ma sai ta daina magana, ta zuba masa ido har sai 'yan'uwa sun fara zungurinsa da gwiwar hannu.

Sunana Attahiru, amma ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Sunan mijinta marigayi aka sa mini, don haka Maigida take ce mini, kuma ba ta raga mini ko kaɗan. "Maigida, matso kusa da wuta, kak ka mutu ka bar ni da takaba ta biyu," haka take tarbata. A bayan ɗakinta akwai turken goɗiyar baffana. Muna zaune muna jin ta tana tauna harawa, wani lokaci ta yi atishawa a tsakiyar labari, Inna ta ce, "Kun ji, ta shaida." Ina jin tun daga nan son dawaki ya shige ni, don ba na iya raba ƙamshin hayaƙin kara da warin turke a cikin tunanina.

Tana da irin buɗewarta. Takan ce, "Ga wata nan ta taso daga bakin gulbi," mu ce, "Ta ƙaraso, muna nan." Tatsuniyoyinta da yawa sun zube mini, amma ta doki da tafki tana nan daram.

Wai wani manomi ne yake da doki, kullum da hantsi yakan kwance shi ya tafi tafki shi kaɗai ya sha ruwa. A wancan zamanin, in ji Inna, ruwa yana da riƙo. Duk abin da ya leƙa shi, yana iya riƙe kamanninsa har bayan ya tafi. Lokacin da dokin yake kan ƙarfinsa, tafki ya riƙe kamanninsa, duk dabbar da ta zo shan ruwa sai ta tsaya ta yaba. Shekaru suka tafi, bayan doki ya lotsa, haƙarƙari ya fito. Wata rana ya sunkuya zai sha, tafki ya riƙe wannan ma. Kura ta zo ta gani, ta yi dariya har da faɗuwa. Jaki ya gani, balbela ta gani, magana ta zaga daji cewa manomi ya ci ƙarfin dokinsa ya bar shi da yunwa. Da doki ya ji ana zagin ubangidansa saboda shi, sai ya daina zuwa tafki. Kwana uku bai sa ruwa a bakinsa ba.

A nan Inna takan rage murya, mu ma hannayenmu su yi sanyi a kan gyaɗa, amma ba ta kula. Matar manomin, tsohuwa irinta, ita ta gane abin da ake ciki. Ta kama ragamar doki ta ja shi har bakin tafki, ta shiga ruwa zuwa gwiwa, ta sa hannu biyu ta dama shi har ya gurɓace. Ta ce, "Sha, ba mai ganinka." Ya sha. Tafki ya ji haushi ya ce, "Ni ƙarya na yi?" Tsohuwa ta ce, "Ba ka yi ƙarya ba, amma shi ruwa ya zo sha." Tun daga ranar aka karɓe wa ruwa riƙonsa, kuma shi ya sa har yau doki yakan bugi ruwa da ƙafar gaba kafin ya sa baki.

Ni kuwa, da ɗan bakina, na ce, "Inna, ai tafkin bai yi laifi ba. Abin da ya gani ya nuna."

Ta jefe ni da ɓawon gyaɗa. "Ku ji min Maigida! Wa yac ce ƙarya yay yi? Kai dai ɓare gyaɗarka, in ka girma ka zama alƙalin tafki." Aka yi mini dariya, na yi fushi na juya wa wuta baya. Na kwanta ranar ina ganin ni ke da gaskiya, kuma na daɗe ina ganin haka.

Inna ta rasu ina makarantar sakandare. Ba ta ga ranar da na fara riƙe kyamara ba, balle ranar da na bar aikin koyarwa na koma bin dawakin ƙauye da kyamarar. Su nake ɗauka, dawakin manoma da ba su da ado, a turke, a fadama, a hanyar kasuwa. Na kwana a Malisa saboda wata goɗiya mai ciki, na yi mako ina zarya Dodoru don wani baƙin doki akawali da ya tsani ƙarar kyamara. 'Yan'uwa suka yi ta cewa Attahiru ya zautu, mutum da iliminsa yana kwanciya cikin kashin doki yana leƙen sama. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yi mini dariya ba, matata Luba. Ita ta taya ni manna hotuna a kan kwali lokacin da na yi baje kolina na farko a wani ajin makaranta a Birnin Kebbi, inda rabin masu kallon ɗalibaina ne na dā. Daga nan abin ya ɗan buɗe, har aka gayyace ni wani zauren baje koli a Abuja.

Luba 'yar Wurogauri ce, ta ƙasar Kalgo. Mahaifinta, Baba Manu, yana da wani tsohon doki da ake kira Bidi saboda launinsa. Tun Luba tana yarinya dokin yake gidan. Ya daina ɗaukar kowa, ba ya aikin komai, amma Baba Manu bai taɓa yarda a yi maganar sayar da shi ba. Wata rana muka je duba Baba, zazzaɓi ya kwantar da shi kusan mako guda. Na fito bayan gida da la'asar, na tarar da Bidi a turke, kai a sunkuye, geza a cukurkuɗe, ƙudaje a gefen idonsa, rana tana dukan haƙarƙarinsa ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ban taɓa ganin haske irin wannan ba. Na ɗauka sau uku, na mayar da kyamara jaka, ban gaya wa kowa ba.

Wannan hoton na sa a tsakiyar zauren Abuja, an buga shi babba, ya kusa tsayina. Da aka ce in ba shi suna, na rubuta a ƙarƙashinsa: Wanda Aka Manta da Shi. Na san ba a manta da Bidi ba. Sunan ne kawai ya yi mini daɗi a kunne, kuma na ga zai taɓa zukata. Ya kuwa taɓa. Mutane suka yi ta tsayawa a gabansa, wata mata har da hawaye, wasu suna ɗauka da wayoyinsu. Ni ina gefe ina ta karɓar yabo, kaina ya yi girma.

Kwana huɗu da buɗewa Luba ta kira ni. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. "Malam, hoton Bidi ya iso Kalgo," ta ce. Samari sun gan shi a waya, sun gane farin goshinsa da zanar bayan gidan. Ranar kasuwa, a rumfar da Baba yake zama da tsararrakinsa, wani ya miƙa masa wayar yana dariya, wai ashe Bidi ya je Abuja neman dusa. Wani ya karanta masa abin da na rubuta. Baba ya tashi ya tafi gida, kuma tun daga ranar bai koma rumfar ba, ko masallaci sai ya bari an tayar da salla yake shiga.

Na fara kare kaina. Na ce ai ban ƙara komai ba, ban rage komai ba, yadda na gan shi na ɗauka. Ta ce, "A gidan ubana aka shimfiɗa maka tabarma ranar, Malam. Dubiya ka je." Ta ce za ta tafi Wurogauri ta zauna da shi, ba ta san ranar dawowa ba. Ba ta ɗaga murya ba, kuma hakan ya fi tsorata ni.

Na zauna a kan benci a gaban hoton, ina jin maganar da na faɗa wa Luba tana dawo mini da muryar yaro mai ɓarar gyaɗa. Shekara talatin da wani abu ina ɗauka Inna ta kasa ba ni amsa ne ta jefe ni da ɓawo. Ashe ta ba ni, ni ne ban karɓa ba. A wurinmu dokin mutum mutuncinsa ne. Wanda ya nuna ramar dokinka ya ce kai maci amana ne, ko bai buɗe baki ba. Na san wannan tun ina yaro, amma da na leƙa ta cikin kyamara sai na ga haske kawai. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na ji kewar Inna.

Masu zauren ba su so ba, amma na sauke hoton a ranar, na naɗe shi, na kama hanya. Washegari da yamma ina Wurogauri. Na cire takalmi tun daga ƙofar zaure, na durƙusa nesa da tabarmarsa kamar yadda suruki yake yi. Ya amsa gaisuwata duka, har ya tambayi hanya. Na ce, "Baba, na yi laifi, na zo a yafe mini. Ga shi nan, a ƙone shi ko a yaga, yadda aka ga dama."

Ya ce in buɗe. Na shimfiɗa shi a ƙasa, na danne gefensa da duwatsu. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa a kan idon Bidi, wurin ƙudajen.

"Attahiru, tun da dokin ga ya shigo gidan ga, ban taɓa karin kumallo ban share mai ido ba. Mako guda ciwo ya kada ni. Shi kaɗai ka gani, shi ka kai ma duniya."

Ban iya ɗaga kai ba. Ina jin motsin Luba a bayan ƙofa. Na jira ya ce in tashi in ba shi wuri, sai na ji ya ce, "Na'urar taka tana nan? To, ka kwana. Gobe in na gama da shi ka sake ɗauka."

Da safe na tsaya daga nesa ina kallo. Ya wanke Bidi da ruwan ɗumi, ya taje gezar da yatsunsa, ya share idon da gefen rawaninsa, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ya ba shi kanwa a tafin hannu. Duk da haka haƙarƙarin yana nan, wanka ba ya ɓoye shi. Na ɗaga kyamara ina neman ɓangaren da ramar ba za ta fito sosai ba, na ce, "Baba, ko a ɗora masa sirdi?"

Ya girgiza kai. Mutumin da ko ranar aurenmu bai yarda an ɗauke shi hoto ba, sai ga shi ya zo ya tsaya a kafaɗar dokin, ya kama ragama. Ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, a gabana, ni surukinsa. Hannun ya bushe, fata da ƙashi, jijiyoyi duk a waje. Ya ɗora shi a kan haƙarƙarin Bidi.

"Ɗauka da ni a ciki," ya ce. "Ka mai da shi can inda ka kai na farko. Wanda duk ya ƙirga ƙasusuwa nai, shi ƙirga nawa. Su san ba yunwa ba ta, tare munka tsufa."

Idona ya cika, na kasa ganin komai ta cikin gilashin. Luba ta fito ta tsaya a gefena, ta karɓi jakar daga kafaɗata don in samu in tsaya daidai. Baba ya ce, "Yi maza, ɗana, ba mu iya tsayuwa da yawa, ni da shi."