Jar Wutar da Rabe Ya Daina Gani

Rabe mai gyaran wuta ba ya sayen kayan aiki a shago mai gilashi. Tun da na san shi a Rafin Guza, a baron Tukur yake saye, nan bakin kasuwar Kawo, inda ake zube filaya da sukundireba da kwaɗo da tocila wuri guda kamar tumatir. Ni Dauda, gyaran famfo nake yi. Duk gidan da aka sa injin tura ruwa sama, sai an neme mu tare, shi waya, ni bututu. A haka muka fara furfura.

Daga Malumfashi ya zo yana saurayi. Ya yi dako, ya yi leburanci, sannan wani dattijo a Unguwar Shanu ya koya masa aikin wuta. Ya auri Harira, ya gina ɗaki biyu da hannunsa, ya aurar da 'ya'yansa mata. Bai taɓa buɗe shago ba. Jakar buhu ce shagonsa, a kafaɗa.

Tukur mai baro baki gare shi. Kome ka ɗaga, zai ce na Jamus ne.

"Jamus ɗin da ke bayan tashar mota?" in ji Rabe. "Ba ni ƙusa."

Sai ya sa filayar ta ciji ƙusar. In haƙoranta suka lotsa, ya mayar cikin baro. In ƙusar ce ta ji jiki, ya saya. Ra'ayinsa a kan kayan araha gajere ne. Guduma, filaya, sukundireba, zarto, duk ka saya a baro, domin ranar da za su mutu a gabanka za su mutu, kana kallo. Amma salatif na araha, na naɗe waya, ba ya taɓa shi, don a cikin silin yake saki idan zafi ya yi, inda babu mai gani. Tsani ma haka.

Testa kuwa na baro yake riƙewa, irin mai kamar sukundireba da ƙaramar jar wuta a cikinsa. Ka ɗora bakinsa a waya, ka danne bayansa da yatsa, in akwai wuta ya yi ja. Kafin kowane aiki sai Rabe ya gwada shi a soket ɗin da ya san yana da wuta. Ya ga ja, sannan ya yarda da shi na wannan yinin. Gobe kuma sabon gwaji. Ban taɓa ganin ya tsallake wannan ba.

A damina ta bara na fara lura. In muna aiki a fili, sai ya cire hularsa ya yi wa testan inuwa, ya kai fuskarsa kusa har hancinsa na neman taɓa waya. Daga baya ya fara tambayata, cikin wasa.

"Kai mai bututu, ya yi ja ko bai yi ba? Ina gwada idonka ne."

Na amsa sau da yawa kafin na gane ba nawa idon ake gwadawa ba. Wani farin abu ya fara kwanciya a cikin ƙwayar idonsa, kamar an ɗiga nono a ruwa. A inuwa yana gani. Rana na fitowa, sai komai ya wanke masa.

Harira ce ta tare ni a ƙofar gida wata safiya, tana daga bayan labule.

"Malam Dauda, ka yi wa yayanka magana. Jiya gefen kofi ya zuba shayi, ya ce tebur ne ya karkace."

Na yi masa maganar asibitin ido. Ya tsaya cak a hanya.

"In aka ga Rabe da auduga a ido, wa zai ƙara kiransa ya taɓa mashi waya? Ka taɓa jin an ɗauki makaho gyaran wuta? Ka bar zancen nan hwa."

Na bar shi. Magana ba ta taɓa juya Rabe ba, ni ma ba ta juya ni.

Sai Tukur ya kawo wani sabon kaya, testa mai kamar alƙalami, na roba ruwan ɗorawa, mai batir. Ba sai ya taɓa waya ba. Da ya kusanci wuta sai ya fara tsiwa kamar ɗan tsako. Araha ƙwarai. Rabe ya jujjuya shi ya ajiye.

"Kayan wasan jikoki. Abin da ke da batir yana iya mutuwa bai yi sallama ba."

Gaskiya ya faɗa, amma na saya. Na ce wa Rabe kaina na saya wa, aljihuna ya yage, ya riƙe mini. Ya maƙala shi a aljihun gaban rigarsa yana mita, ya manta da shi.

Aikin Hayin Banki ya zo mana ana tsakiyar damina. Gidan Hajiya Ladidi ne, wata malamar makaranta da ta yi ritaya. Injin rijiyar burtsatsenta ya daina tura ruwa tanki. An kwana ana ruwa, gari ya waye rana ta buɗe da ƙarfi, ƙasar gindin tankin duk taɓo, silifas ɗinmu na nutsewa. Rabe ya gwada jan testansa a soket ɗin falo, inda akwai inuwa, ya ga ja. Ya je wajen mita ya zare fis ɗin gidan ya sa a jakarsa. Fanka ta tsaya, firji ya yi shiru. Komai bisa ƙa'ida.

Na durƙusa ina kwance bututu. Shi yana tsaye a kaina, ya buɗe akwatin wayar injin. Rana na dukan bangon, farin fenti na mayar da hasken cikin ido. Ya ɗora testa a wayar, ya cire hula ya yi inuwa, ya daɗe yana kallo. Bai tambaye ni ba. Ina ji a ransa ya ce ai fis na jakarsa, me ya rage.

"Babu komai," ya ce. Ya soke testan a bayan kunne, ya naɗe hannun riga, ya sunkuya zai kama wayar da yatsu.

Ƙirjinsa na kusantar akwatin, abin aljihun ya fara kuka. Tsit, tsit, tsit, da sauri, ba tsayawa.

Hannunsa ya tsaya a iska. Tsakaninsa da jan ƙarfen wayar bai kai tsawon yatsa ba. Ƙafafunsa cikin taɓo, ni kuma hannuna riƙe da bututun ƙarfe, kafaɗata jingine da gwiwarsa.

"Yaya Rabe, ja baya," na ce.

Ya ja baya a hankali. Abin ya yi shiru. Na zare jan testan daga kunnensa na ɗora a wayar. Ya yi ja jawur. Ni daga inda nake tsugune ina ganinsa sarai.

Hajiya ta fito jin shirunmu. Da muka tambaye ta inda wutar injin ke fitowa, sai ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Wallahi na sha'afa, Malam. Rijiyar tamu ce mu da maƙwabta. Layin wutarmu daban, nasu daban, shi ne marigayi maigidana ya sa aka jawo waya daga gidansu ma. Duk wanda aka kawo wa wuta, shi ke tura mana ruwa."

Haka ake yi a gidaje da yawa a nan, don kada a kwana ba ruwa. Rabe ya sani. Shi kansa ya haɗa wa mutane irin wannan. Abin da ya sa ake ɗora testa ke nan ko bayan an zare fis. Ya ɗora kuwa. Testan ya faɗi gaskiya, mai shi ne bai gani ba.

Aka kashe wutar maƙwabta, ya gama aikin. A hanyar komawa muka wuce gadar Kawo. Can ya taɓa aljihunsa.

"Wannan abin naka. Ba zan mayar maka ba."

Iyakar godiyar ke nan, kuma ta ishe ni.

Yanzu kullum da safe yakan tsaya wajen mai cajin waya na bakin layinmu, ya kai alƙalamin kusa da wayar janareta. In ya yi kuka, ya wuce aiki. Jan testan na nan a kunnensa, don mutane su gani. Ya ce wa Harira zai je asibiti bayan Sallah. Sallar ta zo ta wuce. Yanzu ya ce bayan girbi.

Na koma wajen Tukur neman batirin abin. Ya kwashe kayan baronsa kaf, ya ce irin wannan ƙananan sun ƙare, alƙaluman ma sun ƙare, amma ana hanya da su. Tukur kullum kayansa na hanya.

Shekaranjiya ina tsaye lokacin da Rabe ya yi gwajinsa. Sai da ya manna abin a jikin wayar kafin ya amsa, kuma kukan ya fito a shaƙe, da tazara a tsakani. Na kalle shi. Ya kawar da kai.

"Ya yi kuka ai," ya ce.

Yau an kira shi Unguwar Shanu, wani gida mai haya da yawa, wayoyi sun sarƙe a bango kamar saƙar gizo. Babu aikin famfo a wurin, ba wanda ya kira ni. Ina da nawa aikin a Malali, mutumin yana ta bugo waya tun safe. Na tsaya a bakin layi ina kallon Rabe yana tafiya, jakar buhu a kafaɗa, yana taka gefen kwata a hankali kamar mai lalube. Rana ta riga ta buɗe, babu gajimare ko ɗaya.

Na kashe wayata, na ɗauki jakata, na bi bayansa.