Littafin Zama da Littafin Tafiya

Shekarar da ikamar maigidana ta mutu, ni na zama makarantar 'ya'yana. Ikama ita ce takardar zama, kuma a Makka duk wanda ba ɗan ƙasa ba da ita yake numfashi. A unguwar Nakkasa aka haife ni, shi kuma a Utaibiyya, amma a takarda baƙi ne mu, kamar yadda iyayenmu suke baƙi. Kamfanin da yake tuƙa wa mota ya rufe, takardarsa ta tsaya ba sabuntawa, ta yaran kuwa a jikin tasa take ɗaure. Da lokacin rajistar sabuwar shekara ya zo, aka ce mana cikin ladabi mu dawo idan an gyara. Yarinyata tana shirin shiga aji huɗu, ƙanenta aji biyu.

Muka dawo gida muka rufe ƙofa. Gidan ɗaki biyu ne da falo a hawa na uku a Rusaifa, inda muka koma bayan an rushe ɓangarenmu na Nakkasa, mu huɗu da mahaifina. Na hana yaran wuce bakin layi, don ban san wanda zai tambaye su takarda ba. Da safe suna leƙen motar makaranta ta taga, ni kuma ina jan labule kamar ita ce ta yi mini laifi. A bayan ƙofa akwai wata baƙar jaka, irin wadda kowane gida irin namu yake ajiyewa saboda ranar da masu kame za su zo: takardun haihuwa, tsofaffin ikamomi, maganin Baba, kayan sawa kala ɗaya ɗaya. Na ce wa yaran jakar asibiti ce.

Lissafi bai ba ni wahala ba, biyu da biyu huɗu ne a kowace ƙasa. Alkur'ani Baba ya ɗauke mini, Larabci kuwa yaran sun fi ni iya shi. Tarihi ne ya tsaya mini a wuya. Idan takarda ta fito, za a gwada su kafin a mayar da su aji, kuma da littafin Saudiyya za a gwada su. Idan ba ta fito ba, ƙarshenta tarhili, wato a ɗora mu a jirgi zuwa Kano, garin da babu wanda ya taɓa gani a cikinmu sai Baba, shi ma yana yaro ya baro shi. Can kuma wani tarihin za a tambaye su. Ni da ba ni da ikon zaɓar inda za mu kwana baɗi, aka bar ni da zaɓar tarihin da zan zuba a kan yara biyu.

Maigidana bai ga abin tunani a ciki ba. Ya ce littafin Saudiyya, kuma kada in sake kawo masa zancen wani. Kullum yana fita bin takarda, kullum yana dawowa da gobe a bakinsa, kuma na lura yana jin kamar ambaton Kano ma kiran masifa ne. Na karɓo littafin a wurin wata tsohuwar maƙwabciyarmu da 'yarta ta wuce ajin. Littafi ne mai kyau, na san shi, irinsa na karanta: yadda aka haɗa ƙasar, yadda aka tono mai, yadda aka faɗaɗa Harami. Yarinyata tana son sa. Tana karanta shi da irin muryar da ake yi a taron safe na makaranta, har tana ce mini Abla don tsokana, kamar yadda suke kiran malamansu.

Baba ne ya ɓata mini lissafi. Wata rana ya dawo daga sallar La'asar, ya jingine sandarsa, ya tarar muna kan darasin mai. Ya saurara har muka gama, yaran suka shige ɗaki, sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ki nemo musu na can ma."

Na ji haushi ƙwarai. Wannan mutumin tun ina ƙarama nake jin yana cewa a Makka za a binne shi, ko an ƙi ko an so. Na ce masa ashe shi ma ya fid da rai. Ya ce shi bai fid da komai ba, shi tsoho ne, ƙasa za ta karɓe shi ba tare da ta tambayi ikama ba, amma yaran fa? Na shiga kicin na yi ta buga tukwane, kuma kafin Magariba na aika wa 'yar ƙanwar Baba saƙo a Kano.

Mu a nan duk abin da muke so daga can ta hannun masu zuwa ibada yake iso mana. Na jira wata guda kafin aka samu wata hajiya mai zuwa Umra, na roƙi a ɓoye zancen kada ya kai kunnen maigidana. Saƙon ya zo a leda uku, littafin yana tsakiyar kuka da daddawa, har ya ɗauki warinsu. Na rufe ɗaki na buɗe shi, sai na ga Turanci daga bango har bango. Ni duk zatona ƙasar da ake Hausa, da Hausa ake koya wa yara labarinta. Ban ma yi tunanin in tambaya ba. Na iya karanta Hausa, na koya a waya, amma Turancina bai wuce na jikin kwalin magani ba. Na zauna a bakin gado na yi dariya har hawaye suka zo, daga nan kuma ba dariya ba ce.

A hawa na biyu akwai wata Basakkwaciya, matar wani ɗalibi mai karatun hadisi, wadda ta koyar a firamare kafin ta biyo mijinta. Malama muke ce mata. Na sauka da littafin a ƙarƙashin abaya kamar kayan sata. Ta juya shi, ta shinshina, ta dube ni.

"Yaya, wa ya ce miki da Hausa aka karatun boko? Ko can gida da Turanci muka koyar da wanga."

Ta yi mini tsiya son ranta, sannan ta ce in kawo littafin rubutu. Kullum da hantsi, yaran suna wurin Baba, ina sauka ta fassara mini shafi biyu ina rubutawa. A wurinta na fara jin yadda Turawa suka shigo, yadda aka haɗa kudu da arewa, yadda aka samu 'yancin kai. Ina da 'ya'ya biyu, amma sai ranar na san launin tutar ƙasar da fasfona yake cewa tawa ce ba don ado aka zaɓe shi ba.

Sai na raba yini gida biyu. Da safe Saudiyya, bayan Azahar Najeriya, kafin La'asar in ɓoye na biyun a ƙasan kayan wanki. Na ɗauka dabara na yi. Ashe wahala na ninka wa yaran. Littafin safe yana ƙirga shekaru da Hijira, na rana da Miladiyya, yarinyata ta rasa wanne ya riga wanne. Yaron ya cinye koren fensirinsa a mako biyu, tunda duk tutocin kore ne. Abin da ya fi damuna shi ne kowane littafi, a kowane shafi, cewa yake ƙasarmu. Da safe in sa su maimaita ƙasarmu, bayan Azahar in sa su sake maimaita ƙasarmu. Yarinyar ta taɓa tambayata da Larabci wacce ce ta gaskiya, na amsa mata da Hausa cewa ta gyara zamanta ta daina surutu. Ban iya ce mata ta safe ba tata ba ce, ban kuma iya ce mata tata ce ba.

A littafin Najeriya akwai aikin gida: a tambayi wani babba a gida inda yake ranar da aka samu 'yancin kai. Yarinyar ta ɗauki fensiri ta je ta zauna gaban kakanta, ta tambaye shi da Hausarta mai ɗingishi. Ya ja carbinsa.

"Muna hanya," in ji shi.

Ta ce wace hanya. Ya gaya mata yadda suka baro Kano a ƙafa da iyayensa da niyyar aikin Hajji, yadda guzuri ya ƙare a Sudan suka tsaya tsinkar auduga shekara da shekaru, yadda labarin 'yancin ya same su a gona bayan an daɗe da gama biki. Ya ce da suka iso Makka kuma an riga an gama haɗa wannan ƙasar tuntuni, ba wanda ya jira su. Ta tambaye shi a wane shafi hanyar take, don ta duba. Ya ce ta tambayi uwarta, ita ce malama. Na duba littattafan biyu a gabanta, duk da na san babu.

Tuta ce ta tona mini asiri. Yaron ya zana kore, fari, kore a bayan wata takarda, ya kai wa babansa da murna. Na shirya wa faɗa, amma maigidana bai ɗaga murya ba. Ya kira yarinyar ya yi mata tambayoyi uku daga littafin safe, ta amsa ɗaya, ta cakuɗa biyu da na rana. Bayan ta fita ya ce mini idan aka gwada ta a haka za a mayar da ita baya, kuma idan can ɗin ne ma haka za a yi. Ya ce ba zai tilasta mini ba, tunda shi ma ba shi da abin nunawa sai gobe, amma in zaɓi ɗaya kafin Lahadi, in daina raba musu kai. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na ƙara jin haushinsa.

Kwana uku ina juya abin. Idan na ɗauki na Saudiyya, na yi wa yaran alkawarin da ba ni ke cika shi ba. Idan na ɗauki na Najeriya, na gaya wa mijina a fuskarsa cewa wahalar banza yake yi. Malama ta ce in yi istihara, na yi. Baba ya ce nasa ya riga ya faɗa. Na ji gidan ya matse ni, ga shi ba inda zan fita in sha iska sai matattakala.

Lahadi da safe, bayan maigidana ya fita, na shimfiɗa tabarma ban san abin da zan koyar ba. Na je ƙasan kayan wanki in ɗauko na Najeriya, in ajiye su biyun a gabana ko zuciyata za ta karkata. Babu shi, babu littafin fassarar. Na zazzage kwandon, na ɗaga katifa, na fara zargin maigidana ya jefar. Yarinyar tana zaune a tabarma da na Saudiyya a cinyarta, tana kallona.

"Ummi, na sa shi a jaka."

Na ce wace jaka. Ta nuna bayan ƙofa da fensirinta.

"Wannan na zama ne, wancan na tafiya. Idan sun zo ba sai kin tsaya nema ba."

Na buɗe jakar. Littafin yana nan a kan takardun haihuwa, da na fassarar, da takardar da ta rubuta amsar kakanta, ta ninke ta huɗu. Har guntun koren fensirin ƙanenta ta saka. Shekararta tara. Wata bakwai ina ce mata jakar asibiti ce, tana gyaɗa mini kai.

Na so in ce mata ba wanda zai zo. Na buɗe baki, na tuna ni ce malamarta, na rufe. Na ja zif ɗin jakar na mayar da ita inda take, na dawo na zauna a tabarma, na ce ta buɗe inda muka tsaya. Ta buɗe ta fara karantawa da muryar taron safe. Wani ya hau matattakala, ta yi shiru a tsakiyar jimla, ta jira har takun ya wuce ƙofarmu zuwa hawa na huɗu, sannan ta ci gaba daga inda ta tsaya.