Batirin da Ya Cinye Hannun Baba Ishaya

Sunana ba zai amfane ku da komai ba, ku bar shi kawai. Abin da nake so ku sani shi ne, akwai wani kafinta a Mayo Bani, kusa da Mubi, da ba zai sake riƙe guduma da hannun dama ba har ya koma ga Mahaliccinsa, kuma ni na yi masa haka. Ban sare shi da adda ba. Batir na sayar masa.

Ni ɗan Sorau ne, ubana manomi, bai taɓa cin kwabon wani ba. Na shigo Mubi ina saurayi na koyi gyaran rediyo da tocila da waya, Allah kuma ya ba ni hannu. Da kafintoci da masu walda suka gaji da wutar nan tamu da ba ta zama, suka koma sayen injinan huda da yanka, diril da giranda, masu aiki da batir, sai gyaran ya faɗo shagona. Ina samun na tuwo, ina aika wa gida. Wallahi babu yunwar da ta kore ni zuwa cuta, kada wani ya yi min wannan uzurin.

Wanda ya ɗaga ni shi ne Baba Ishaya, tsohon kafinta mai rufin kwano. Na gyara masa caja sau ɗaya, shi ke nan ya laƙaba min Injiniya. Duk kafintan da ya sani sai ya jawo shi shagona ya ce, "Yaron nan ba ya cuta, ni na tsaya masa." Ku riƙe wannan maganar, don ita na ci.

In ka buɗe batirin diril, ƙananan batura ne a jere, muna ce musu 'ya'ya, da wani ɗan koren allo a samansu. Allon nan shi ne mai gadi: in batir ya ɗauki zafi, shi ke yanke wuta. A kasuwa kuwa iri uku ne. Akwai na asali, mai tsada. Akwai na wasu kamfanoni da ke ɗauke da sunan kansu, masu araha, ba sa jimawa kamar na asali amma ba su yi wa kowa ƙarya ba. Sai na uku, jabu, mai sanye da rigar na asali.

Da ƙarami na fara. Wani ya kawo na asali gyara, na zare masa lafiyayyun 'ya'ya na maye da tsofaffi na kwamfuta. Gabana ya yi ta faɗuwa kwana da kwanaki. Bai dawo ba. Na sake, na kuma sake, har gaban ya daina faɗuwa.

Ana haka wani ɗan kasuwa da muke kira Mai Kwali ya zo min da buhu. Kwanson batura ne fanko, sababbi fil, da tambarin babban kamfani a jiki. Na ce masa, "Oga, za a gane." Ya yi dariya ya ce, "Wa zai gane? Ka taɓa ganin kafinta yana karanta jikin batir?"

Tsinannen ya san mutanenmu. Kafintan Mubi ba ya duba rubutu. Ɗora batir yake yi a tafin hannu ya jinjina, in ya ji nauyi ya ce orijina ne, in ya ji sakayau ya ajiye maka kayanka. Tsofaffin 'ya'yan da nake zubawa a kwanson da na saya wurinsa kuwa ba su kai yawan na asali ba, nawa ba su da nauyi. Sai na samo dabara, ina ta jin daɗin kaina, wai ni mai ƙwaƙwalwa. Na riƙa narka dalmar tsohon batirin mota ina cusawa a ciki. Da sararin ciki ya ƙi isa, na cire ɗan koren allon na jefar, dalma ta zauna a gurbinsa. Na san aikin allon sarai. Ni da nake yi wa mutane bayaninsa!

Wata rana da bazara Baba Ishaya ya shigo, ya ce ya samu rufin wani gida a Nassarawo, batirinsa ya mutu. Ya ɗauki na wani ƙaramin kamfani, mai araha, mai allonsa lafiya lau, ya ce, "Injiniya, wannan zai kai ni?"

Na ce, "Haba Baba, araha ba ta ado. Kamarka da wannan?" Na miƙa masa nawa.

Ya jinjina shi a hannu, ya yi murmushi. "To, wannan kam orijina ne. Allah ya yi maka albarka."

Na ce amin. Ku ji fa, da bakina na ce amin! Tir da ni. Na raba dattijo da abin da zai tsare shi, na ba shi wuta a kwali, ya sa min albarka na karɓa.

Kun san zafin Mubi kafin ruwa ya sauka, balle a kan kwano da tsakar rana. Yana sama yana ɗaure kwano, batirin ya fara hayaƙi. Da ya saki diril ɗin a take, da ya tsira. Amma a ƙasansa akwai leburori masu miƙa masa kwano, sai ya riƙe yana neman inda zai wurga babu mutum. Kafin ya wurga abin ya tashi a hannunsa. A asibiti aka yanke masa babban yatsa da na kusa da shi, sauran suka ƙanƙance ba sa miƙewa.

Kwanson ya fashe a ƙasa, ga dalmata a fili kowa yana gani. Kafin la'asar kafintoci sun cika ƙofar shagona, kowa da batirinsa. A gabana suka riƙa fasawa da guduma, duk wanda aka fasa sai dalma ta faɗo. Wani ya shaƙe min wuya yana cewa, "Baba ne ya kawo mu wurinka, ɗan banza!" Ba don 'yan sanda sun zo ba, da ba ni ke ba ku labarin nan ba.

A kotu na ambaci Mai Kwali. Aka kawo shi, ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi kwanso yake sayarwa, bai taɓa sa ni zuba dalma ba. Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Ya koma kasuwarsa, ni aka wuce da ni gidan yari. Ubana bai zo ba, sai saƙo ya aiko cewa kada in ƙara cewa ni ɗansa ne a Mubi.

A can ciki na daɗe ina tsine wa Mai Kwali. Sai wani tsohon ɗaurarre ya gaji da ni ya ce, "Kai, ka ishe mu. Shi ya riƙe maka hannu ka cire allon?" Na tashi zan dake shi, sai na koma na zauna. Tun ranar fushina ya dawo kaina, kuma har yau bai sauka ba.

Da aka sake ni, Mayo Bani na nufa kafin ko'ina. Na tarar da Baba Ishaya zaune a ƙofar gida, ya rame, yana tsaron wani ɗan tebur na sabulu da ashana. Mutumin da ya yi wa rabin gidajen unguwa rufi! Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe min."

Ya dube ni ya ce, "Na yafe tun ina asibiti, don in samu barci. Amma kada ka sake zuwa gidan nan, matata ba ta yafe ba." Sannan ya miƙo min hannu mu yi sallama, ya ce, "Ka yi haƙuri da hagu, Injiniya. Ita ta rage."

Yanzu ku, samarin da ke zaune a shagunan gyara kuna liƙa tambarin ƙarya kuna kiransa wayo, wayon uwar wa? Ina ganinku, kuma raina ɓaci yake. In na araha gare ka, ka ce na araha ne, mai saye ya zaɓa da idonsa. In na asali ne, ya zama na asali har ciki. Ku kuma masu saye, ku daina auna batir da tafin hannu, ku sa a buɗe muku ku gani, ko ku sayi mai arahar da bai ɓoye sunansa ba. Duk abin da ka cusa ka rufe ka ɗaure da noti, hannun wani ne zai riƙe shi. Ni na tuba, ina roƙon Allah gafara kullum, na gama zaman da alƙali ya yanke min. Baba Ishaya kuwa da hagu zai ci tuwo yau, da hagu zai ci gobe.