Anti Shiru, Mai Bin Yaranmu a Baya

Tun kafin masu shara su gama take isowa asibitin. Ta ajiye jakarta, ta cire takalmi, ta taka doguwar barandar sashen motsa gaɓoɓi da tafin ƙafa, wai ido ba ya gane santsi. Sannan ta kafa robobin alama biyu masu launin ruwan lemo, ɗaya a kowane ƙarshe, ta zauna jiran yaranta.

Yaran duk ciwo ɗaya ke damunsu, wanda ke cinye tsoka a hankali har tafiya ta gagara. Gwamnati ta ba da tallafi a gwada wani sabon magani, aikinta shi ne auna nisan da yaro zai iya takawa da kansa. Dokar binciken kuwa mai tsauri ce: ba riƙewa, ba kirari, ba "yauwa ɗana". Ita da surutu ya yi wa katutu, wadda ko mai gadi sai ta tsokana, da an fara awo sai ta ɗinke baki, ta bi yaro a baya hannuwa a buɗe. Yaran ne suka laƙaba mata Anti Shiru.

Ina kewar barandar nan. Iyaye mata a jere kan benci ana hira, yara na gardamar wa ya fi wa sauri, ɗan ƙanwata da muke kira Direba yana ƙugin mota da baki kafin ya tashi.

Ranar da ba na mantawa, ana tantance waɗanda za su shiga zagaye na biyu, duk wanda bai kai layin da aka shata ba an cire shi. Direba ya taho yana rangaji, saura kaɗan ya kai layin sai ƙafafunsa suka fara rawa. Ya waiwayo ya miƙa mata hannu.

"Anti, don Allah," in ji ƙanwata, "ko yatsa ɗaya ne. Wa zai sani?"

Ba ta ba shi ba. Ya sulale, ta cafe shi kafin ya kai ƙasa, ta rungume shi tana hawaye. Aka cire sunansa. Ni kaina a ranar na ji haushinta har wuya, ƙanwata kuwa ta daɗe ko gaisuwarta ba ta amsawa.

Amma ƙarshen makon sai ga Anti a ƙofar gidan ƙanwata da tabarmar roba a hammata.

"Maman Direba, ki zage ni son ranki, amma ki matsa in miƙar masa da ƙafa. Da na tallafe shi, ƙarya ta shiga binciken, kuma 'ya'yan wasu za a ɗura wa ƙaryar."

Haka ta yi ta zuwa shekara da shekaru, har ya koma kan keken guragu, ba wanda ya aike ta.

Anti, ke ce kika yarda a tsane ki don gaskiya ta tsira. Yau gwiwoyinki sun gaji, kin ajiye aiki, ba a sa sunanki a jikin kowane rahoto ba. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri. Masu tasowa a aikin nan, ku koyi irin tausayinta.

Bana an sake ba da tallafi a gwada wani maganin, ga shi autan ƙanwata ma ciwon ya bayyana a jikinsa. Da ta kai shi awo, ta dubi sabuwar ma'aikaciyar ta ce, "Anti ce ta koyar da ke?"

"Ita ce, Hajiya."

"To, ko na yi kuka, kada ki saurare ni."